Waya ta kawo mana kallon duniya, to ina namu na Damagaram?

Mai Turi na Zengo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai maganar da ta daɗe tana cina yau dai na ce sai na amayar da ita. Da yawanku kun san shagona na turin finafinai, shekara 11 ke nan ina zaune a wurin. A da in Alhamis ta zo ranar Kasuwar Dole wallahi ko ruwa ba na samun sha, mutanen Mirriya da Dogo da Durum su zo da kart memwar a ƙulle cikin leda, wani ya kawo guda biyar na abokansa duka, kowa da saƙon da aka ba shi, wannan Indiya fassara, wannan na Kano, wannan wa'azi da karatu kawai kar a sa masa waƙa. Fim ɗaya dala biyar, in mai dogon zango ne mu yi ciniki. Jiya tun safe har magariba mutum huɗu suka shigo, biyu ma waya suka kawo a sa musu wuta.

Amma ba kukan kasuwa na zo yi ba, arziki na Allah ne. Abin da ya taɓa ni, wani yaro ɗan lakwal ya zo makon jiya ya ce malaminsu ya ba su aiki kan hawan ƙaho, in tura masa tsohon bidiyo. Na buɗe kwamfuta na duba dosiye bayan dosiye, ga Kano, ga Indiya, ga Turkiyya, ga Koriya, har kokawar Amurka akwai, amma na Damagaram ko ɗaya babu. Shekara 11 ina cika wa mutanen garin nan waya ban taɓa ajiye garin ba. Yaron ya ce shi ma ya duba YouTube guntaye kawai ya gani na minti ɗaya biyu, hoto na rawa. To jama'a wannan sauyin da ake ta yabo me muka samu a ciki ban da kallo?

Baba na Garin Malam:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Ku yara ba ku riski lokacin da talabijin ɗaya ke ɗaukar unguwa guda ba. Zamanin shugaba Kunce akwai tele ta jama'a da ake ajiyewa a wajen samariya, da an yi sallar isha kowa ya ɗauko tabarmarsa ko ɗan kujera, mata gefe maza gefe yara a gaba cikin ƙasa. In aka ce yau Télé Sahel, talabijin na ƙasa, za ta sa wasan kwaikwayon Yazi Dogo to mai shayi ma ya san zai yi ciniki. Kuma fa wasan nan da bakinmu ake yinsa, abin da ke damunmu ake taɓawa, cin hanci a ofis, auren dole, ɗan da ya je boko ya dawo yana raina ubansa. Washegari a kasuwa maganar ke nan, har ka ji an laƙaba wa mutum sunan wani ɗan wasa ya bi shi har kabari.

Kar ku manta festibal na matasa na farko a garin nan aka yi shi a 1976. Damagaram ita ce ake zuwa kallo a harkar wasan kwaikwayo, ba ita ke zuwa kallon wasu ba. Yanzu jikokina bakwai a tsakar gida kowa da abu a kunne, kowa na dariya shi kaɗai, in ka tambaya me ya ba ka dariya ya ce Baba ba za ka gane ba.

Hajiya ta Birni:
Baba gaskiyarka amma bari in faɗi namu ɓangaren mu mata don kar a yi mana yankan ƙauna. Wancan kallon na dandali da kake faɗa mu da yawa ba a barinmu zuwa, labari kawai ake kawo mana. Ni sai da aka yi min aure aka sayi manyeto, injin kallon kaset, a gidan sannan na ga fim daga farko har ƙarshe. Yanzu ko matar da ba ta fita tana yankan kuɓewa waya na jingine da kwano tana bin shirinta, ta tsayar ta je ta duba tukunya ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne gare mu. Ni a waya na koyi haɗa turaren wuta irin na Barebari da nake saidawa yanzu.

Abin da ni ke damuna shi ne tatsuniya. Ƙaramar jikata na ce mata gatanan gatananku ta tsaya tana kallona, ba ta san ana cewa ta zo mu ji ta ba. Ranar na yi shiru na daɗe.

'Yar Jami'a:
Inna Hajiya na ji daɗi da kika kawo wannan. Ni ina jami'ar André Salifou ta nan garin, kuma zan iya ce muku a ɗakinmu ba wadda ta kunna talabijin tun shigowar shekara, ba ma da ita. TikTok ne da YouTube da status na WhatsApp. Amma Baba ina so a gane wani abu, ba wai mun ƙi na gida ba ne. Shi TikTok ba kai kake zaɓa ba shi ke zaɓa maka, yana lura da bidiyon da ka tsaya a kai, wanda ka maimaita, wanda ka wuce da sauri, sai ya riƙa jero maka irin wanda ya riƙe ka. In ka tsaya kan rawa sau uku to rawa za ka yi ta gani har asuba. In ka tsaya kan kokawa haka. To abin da ba a ɗora ba ta ina zai kawo maka shi? Mutanen Kano da Kaduna kullum suna ɗorawa, ɗaruruwa a rana, mu namu sai Sallah ta zo. Dole ruwansu ya shanye namu.

Kuma akwai yaran garin nan masu barkwanci da suke ƙoƙari fa, sai dai da yawa da sun fara sai su koma kwaikwayon maganar Kano da salon Kano don suna ganin shi ke tafiya.

Mai Kamara:
Yauwa ƙanwata kin zo inda nake jira. Ni ina ɗaukar biki da suna, kuma na gwada yin shiri mai dogon zango da abokaina mu tara, muka yi kashi shida muka tsaya. Bari in gaya muku lissafin don mutane na ganin kamar da ka ɗora kuɗi ke zubowa. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da kai kan dogon bidiyo sai kana da abone, wato mabiya, 1000 da awa 4000 na kallo cikin wata 12. In ka kai nan ma kuɗin ya danganta da inda mai kallon yake, kallon mutum ɗaya daga Amurka ko Saudiyya ya fi na mutane da yawa daga nan tsada saboda masu talla can suka fi biya. Mu kuma masu kallonmu suna Tanut da Magariya da Gure.

Sannan Yaya Mai Turi kar ka ji haushi amma sai na faɗa. Ranar da muka saki kashi na uku da daddare, washegari da hantsi na gan shi a wayar wani ɗan kabu-kabu, na ce a YouTube ka kalla ya ce a'a turo masa aka yi. Mutum ɗaya ya sauke, ya kai wa mai turi ko ya watsa ta Xender daga waya zuwa waya a fadar samari, mutum hamsin sun kalla YouTube ya ƙirga ɗaya. Gari duk ana maganar shirin ana gaishe mu a hanya amma a shafi ba komai, mu kuma mun ci bashin kuɗin mai da abincin 'yan wasa. Da me za mu yi kashi na bakwai?

Mai Turi na Zengo:
Ban ji haushi ba ƙanena, gaskiya ɗaya ce. Na tura naku kuma ban ba ku ko dala ba, wannan hakki ne kuma ina neman afuwa a gaban jama'a. Amma ka duba ɗaya gefen, mutumin da ya zo min daga ƙauye inda ba ya samun rezo sai ya hau tudu, forfe na intanet na jika guda ba zai kai shi kashi uku ba in hoton mai kyau ne, ni kuma da dala ashirin na cika masa. In ba mu ba wallahi ba zai taɓa ganin fuskarka ba. Mu ne YouTube ɗin talaka tun kafin a san sunan. Da tun farko kun zo mun zauna, ku ba mu da hannunku mu riƙa cire muku wani abu kan kowane turi, da ya fi wannan ɓarnar da kowa ya tashi a tutar babu.

Mai Kamara:
Wannan maganar da an yi ta shekara uku baya da yanzu wani zancen ake. Na yafe Yaya.

Ɗan Damagaram a Tamanraset:
Salam 'yan uwa ina bin ku tun ɗazu daga nan Aljeriya, yanzu muka tashi daga aiki. Ni dai duk wanda zai zagi waya ba da ni ba. Shekara huɗu ban yi Sallah a gida ba. Sallar bara wani yaro Allah ya yi masa albarka ya yi direk a Facebook daga ƙofar fadar Sarki, hoton na yankewa yana dawowa, amma da na ji algaita da kakaki ga dawakai na wucewa ga ganuwar gidan da na sani tun ina yaro, mu shida muka taru kan waya ɗaya a ɗakin da muke haya ba wanda ya iya magana. Wani ɗan Matamaye da ke cikinmu tashi ya yi ya fita waje don kar mu ga idonsa.

Haka lokacin gasar kokawa ta ƙasa, kokawar takobi, da sai dai mu jira wani ya kira ya ce wane ya kada wane, yanzu zakaran kokawa Issaka Issaka na kada mutum kafin ya karkaɗe ƙasar jikinsa bidiyon ya iso mana. Baba taron da kake cewa ya watse a tsakar gida, mu nan waya ce ta haɗa mana shi.

Baba na Garin Malam:
Allah ya dawo da ku lafiya ɗana, ka sa ni ma idona ya kawo ruwa. Na karɓi wannan.

Malamin Lakwal:
Ni inda nake tsaye daban ne kuma ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita. Ina koyarwa a koleji, ajin safe na farko rabin yara barci suke, in ka bincika sun kai ƙarfe biyu na dare kan shiri mai kashi ɗari da wani abu, don shi abin an gina shi ne yadda kowane kashi zai ƙare a daidai inda ranka zai ƙi barinka ka kwanta, kuma na gaba ya kunna kansa ba sai ka taɓa ba. Fim ɗin kaset a da awa biyu ne ya ƙare a tashi. Wannan ba ya ƙarewa.

Sai maganar baki. Yarinya ta rubuta min wasiƙa da Hausa a darasi rabin kalmomin na fassarar Indiya ne irin ta Algaita, wani yaro kuma ashar ɗin da ya ji a TikTok ya ɗura wa ɗan uwansa a gabana bai ma san nauyinta ba. A Kano suna da hukumar tace finafinai, a 2025 ma ta dakatar da wasu shirye-shirye masu dogon zango saboda an sake su ba a kai mata ba. Mu nan wa ke dubawa? Ni ina ganin ya kamata a samu wani abu makamancin haka.

'Yar Jami'a:
Malam da girmamawa ban yarda da wannan ƙarshen ba. Hukumar Kano tana iya kiran ɗan fim don ta san gidansa, amma wanda ke zaune a wata ƙasa yana zuba ashar direk da tsakar dare wa zai kira shi? Ƙarshenta ƙananan masu ƙoƙari irin su Yaya Mai Kamara za a matsa wa da takardu da kuɗin rajista, manyan masu ɓarnar kuma suna nan daram. Kuma doka ai akwai, dokar laifukan intanet ta 2019 da aka gyara a 2024 aka maido da ɗauri kan cin mutunci da ɓata suna. Ba doka muka rasa ba, abin kirki da yaro zai tsaya a kai muka rasa. Ka hana shi wancan ka ba shi me?

Malamin Lakwal:
Ki ba shi littafi 'yata, ki ba shi barci. Ba dole sai an maye kallo da kallo ba. Amma na ji batun ƙananan masu shiri, wannan kam abin dubawa ne.

Hajiya ta Birni:
Malam ni a gidana da an yi isha da awa ɗaya nake tattara wayoyin yara cikin samira in rufe in sa ƙarƙashin gado, har tawa. Makon farko an yi kuka an yi fushi, yanzu sun saba. Ba sai an jira gwamnati ba.

Mai Gidan Bal na Sabon Gari:
Ku bar ni in sa baki tunda an zo kan gidan kallo. Da muna sa fim da rana bal da dare, fim ya mutu murus tun tuni, ba wanda zai biya ya zauna kan benci ya kalli abin da ke aljihunsa. Bal ce kawai ta riƙe mu, ita ma don ba a jin daɗinta mutum shi kaɗai, sai da musu da ihu. Ina biyan abonema na Canal+ duk wata, in an ɗauke wuta in tada gurup, injin wuta, in sayi mai, shiga dala ashirin babban wasa dala talatin. Yanzu yara sun gano shafukan da ke nuna wasa a waya, sai su zauna a bakin ƙofata a waje su biyar kan waya ɗaya ba su biya ba. Abin da ke faruwa kuwa nasu yana baya da kusan minti guda, sai a ci ƙwallo ciki ya ɗauki ihu su kuma a wayarsu ɗan wasan bai ma karɓi bal ɗin ba, sai ka ga sun taso da gudu suna leƙe ta taga. Wasu dai haka suke gajiya su biya su shigo.

Abin da ya fi tada min hankali caca ce. Da yaro yana kallo don yana son Barsa ko Madrid, yanzu ido ɗaya kan allo ɗaya kan tikiti a waya, kulob ɗinsa ya ci amma ya fita ransa a ɓace don wani wasa a wata ƙasa ya ɓata masa lissafi. Na kori biyu saboda faɗa kan wannan.

Mai Kamara:
Kuma fa yanzu aka fara. Tun da Starlink ya shigo ƙasar a 2025 kun ga yadda wifi zon ke ɓullowa a unguwanni, ka sayi tikiti ka zauna gindin bango ka sauke abin da kake so. Uzurin tsadar forfe zai ragu, ƙauye ma zai kai. Tambayar Yaya Mai Turi tana nan, in ƙofar ta buɗe gaba ɗaya me za su tarar namu a ciki? Aicha Macky 'yar garin nan ce, ta yi fim kan unguwar Kara-Kara a 2021 ya zaga duniya, wannan ya nuna labarinmu na da masu so. Amma wasan kara fa, makaɗan fada fa, 'yan kama, masu gurmi, tsofaffin da suka san waƙoƙin daka da na niƙa, duk shekara sai mun binne wasu ba wanda ya ɗauke su. Ko shagulgulan Zinder Sabuwa, bikin ranar jamhuriya na 2018, da aka yi jiya-jiya ka nemi cikakken bidiyo mai kyau ka gani in za ka samu da sauƙi.

Baba na Garin Malam:
To tunda haka ne bari in faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina da adaka ta ƙarfe a ɗakina cike da kaset na bidiyo, zai kai talatin. Lokacin da nake aiki na sayi manyeto, duk sanda aka sa wasa ko hawan Sallah ko kokawa sai in danna in ɗauka, akwai kuma na bikin ƙanwata da aka kawo makaɗa suka kwana suna yi. Na rubuta shekara a jikin kowanne da biro. Manyeton ya lalace tun tuni, yara sun sha cewa a zubar da su ina hanawa ban ma san dalili ba. Ban san ko zafi ya cinye su ba.

Mai Kamara:
Baba don Allah kar a buɗe su kar a ja zaren da hannu, kuma a ɗauke adakar daga jikin bangon da rana ke duka. Ina da ɗan abin da ake haɗa manyeto da kwamfuta a juye kaset, manyeton ne ba ni da shi. Kaset ɗaya in awa uku ne to awa uku za a zauna don da tafiyarsa yake juyuwa, ba a gaggauta shi. Wanda ya yi fumfuna sai an goge a hankali in ba haka ba zai ɓata kan injin.

Hajiya ta Birni:
Manyetona na aure yana nan cikin kwali a saman sif, rabon da a kunna shi an fi shekara 15 amma lafiya lau aka ajiye shi. A turo yaro ya ɗauka. Sharaɗina ɗaya in an samu na daka da na niƙa a ba ni in sa wa jikokina.

Malamin Lakwal:
Madalla. Sai dai a kula, abin da aka ɗauka daga talabijin yana da masu shi, kafin a ɗora a intanet a je gidan rediyo da talabijin na jiha a yi magana da su, haka na biki a nemi yardar iyalan da ke ciki, akwai matan da ba za su so fuskarsu ta fita ba. Ni zan rubuta takardar in kai da kaina. Kuma yaron da ya zo neman hawan ƙaho in an samu a fara ba shi.

'Yar Jami'a:
Ni da ƙawayena biyu za mu zauna da Baba ya riƙa gaya mana wane ne wannan, ina ne nan, wace shekara, mu rubuta a ƙarƙashin kowane bidiyo da Hausa da Faransanci don in an nema a samu. In ba suna ba bayani ko an ɗora ɓacewa zai yi.

Ɗan Damagaram a Tamanraset:
Mu nan mun yi magana, za mu haɗa kuɗin disk ɗin da za a zuba su. A saya biyu a ajiye ɗaya a wani gida daban.

Mai Turi na Zengo:
Shagona na da wuta da batir kuma yanzu fili gare shi, a kawo manyeton nan a yi aikin. Na buɗe sabon dosiye yanzun nan na sa masa suna Damagaram, duk abin da aka yarda a fitar zan riƙa sa wa kowane mai kart memwar kyauta. Baba gobe bayan la'asar zan zo da adaidaita, adakar mutum biyu za su iya ɗagawa ko in taho da na uku?

Baba na Garin Malam:
Taho da na uku ɗana, tana da nauyi. Ku shigo ta lungun masallaci, hanyar gaba ruwa ya cinye ta.